Tukunyar bana, ƙaryar shekara ɗari

Jama'a, wai sai an yi wa tukunya ƙarya kafin ta yi daraja?

A bakin wani otal a Jimeta na ga an jera wa baƙi tukwane: masu kan mutum, baki buɗe, kwaikwayon tukwanen gargajiyar Ga'anda da Yungur. Ginin ya yi kyau, wallahi. Amma dillalin sai rantsuwa yake yi wai daga kogon dutse aka tono su a wajen Gombi, tun zamanin kaka da kakanni. Alhali mun san yadda ake yi. A gina ta bana, a shafa mata kunkunniya, a binne ta a ƙasa ta sha damina, a ɓalle mata baki da gangan. Ɓallewar nan ta fi komai ƙona mini rai. Mace ta haƙo yumɓu, ta kwaɓa, ta gina, ta gasa, tukunya ta fito lafiya lau, wani ya sa dutse ya ji mata ciwo don kuɗinta ya hau.

Ku kuma 'yan uwana masu jera su a falo, kuna cewa ta shekara ɗari, ku ɗan shinshina ta mana, hayaƙin jiya bai gama fita ba.

To, na yarda da abu ɗaya: gara a sayar da jabu da a kwashe na ainihi daga wuraren bautar masu su, kamar yadda aka yi ta wawure gumakan Nok ana kai su Turai. Dokar kayan tarihi ta 1979 ma ta hana fitar da na gaske ba izini.

Amma wannan bai wanke ƙaryar ba. Da an ce tsohuwa ce, maginiyar ta ɓace, don ba a tambayar sunan wanda aka ce ya mutu tun tuni. Ladi Kwali sababbin tukwane ta gina a garin da yanzu ake kira Suleja, ba ta binne ko ɗaya ba, ga hotonta a bayan naira 20. A 2011 gidan tarihi na Fowler a Amurka ya baje kolin fasahar kwarin Binuwai, har da tukwanen Ga'anda. Duniya ta riga ta san hannun nan, kuma masu gadonsa suna raye a Gombi da Song.

A rubuta sunan maginiyar da ƙauyenta da shekara a gindin tukunyar tun yumɓu na ɗanye. Irin wannan zan saya, ba zan ma taya ba.