Kurciya da Wutar Daji a Littafin Ekwensi

Ku 'yan makarantar Kalambaina, kun sha ganin Filani na kora garke zuwa fadama idan kaka ta wuce. To, akwai littafin da ya shiga cikin ruga ya zauna, watau Burning Grass, wanda Cyprian Ekwensi, haifaffen Minna, ya fitar da Turanci a 1962.

Labarin Mai Sunsaye ne, shugaban Dokan Toro, wanda ya fanshi baiwa Fatimeh da shanunsa. Ƙaramin ɗansa Rikku ya kamu da sonta, sai wansa Hodio ya gudu da ita, gida ya watse.

Abin da muke so ku lura da shi, shi ne dabarar kurciya. Tsohon ya ga kurciya da laya a ƙafa, ya bi ta, ciwon yawo da Filani ke kira sokugo ya kama shi. Mai karatu da gaggawa zai ce sihiri ne kawai. Amma fa ku duba aikin da ciwon nan ya yi wa mawallafi: da shi ya tayar da mutumin da sarauta ta ɗaure wuri ɗaya, ya kai shi rugar Jalla mai tarin shanu, ya kai shi sabon garin da Hodio ya bar kiwo ya kama matsar rake. Ba don kurciya ba, da ba mu ga yadda 'ya'yan mutum ɗaya suka rabu a kan sana'ar ubansu ba. Wutar da ake sa wa ciyawa kuwa, ita ce alamar tashin makiyaya, ita ce kuma alamar tashin hankalin gidan.

A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa uwa ce ta fita neman ɗa da saninta. A nan uba ne, kuma jansa aka yi.

Inda ba mu gamsu ba, gamon katar ya yi yawa. Dajin Arewa da faɗinsa, amma duk inda tsohon ya sa ƙafa sai ya ci karo da nasa. Sa'an nan matarsa Shaitu, wadda wahalar ta fi faɗa wa, an taƙaita mata baki ƙwarai.