Burma Boy: Kafin Ali Banana Ya Tafi Bama

Mai karatu, in kana neman labarin yaƙi da Bahaushe a tsakiyarsa, nemi Burma Boy na marigayi Biyi Bandele, ɗan Kafanchan, wanda ya fito a 2007. Da Turanci aka rubuta shi, amma jarumin namu ne: Farabiti Ali Banana, yaro ƙarami da ya ƙara wa kansa shekaru don a ɗauke shi soja. Akwai dariya, akwai tashin hankali, musamman inda Japanawa suka yi wa sansanin White City ƙawanya a 1944. Yadda Samanja Damisa yake riƙe da yaron kamar ɗansa ya isa ya sa ka hawaye.

To amma ina da ƙorafi. Marubucin ya buɗe littafin ne a Alƙahira, da Wingate, Baturen da ya kafa rundunar Chindits. Haba! Ga Kano a kusa? Abin da littafin bai tsaya a kai ba shi ne dalilin da ya sa aka tara dubban samari irin su Ali tun farko.

A Yunin 1940 Jamus ta murƙushe Faransa, Nijar ta zauna ƙarƙashin gwamnatin Vichy mai ɗasawa da Hitila. Dare ɗaya iyakar Jibiya da Daura da Maigatari ta zama iyakar abokan gaba, ga barikin Faransa a Damagaram. Kano kuwa ba ƙaramar kadara ba ce wurin Ingila: daga Satumbar 1940 jiragen yaƙin da ake haɗawa a Takoradi kan yada zango a filin jirginmu, su bi ta Maiduguri da Fort Lamy da Khartoum zuwa Masar. Chadi ta bi de Gaulle tun watan Agusta, hanyar ta buɗe, sai dai a Janairun 1942 jirgin Jamus guda ya ƙetaro Sahara ya jefa wa Fort Lamy bom. Shi ya sa Janar Giffard ya yi ta faɗaɗa runduna don tsare ƙasar. Da Nijar ta koma ɓangaren Ingila a ƙarshen 1942, harin bai zo ba, soja kuma ga su jibge. A 1943 aka kafa runduna ta 81 da ta 82, aka nufi Bama da su. Ka ga ke nan wanda aka ɗauka ya yi gadin gida shi aka tura dajin wasu.

Na kawo wannan zance a majalisarmu ta Gyaɗi-Gyaɗi, wani furodusa da ya tsallako daga titin Gidan Zoo ya ce ina shi ina kuɗin jirgi da igwa. Wallahi ban yarda ba. Fim ɗin da nake hange ba ya buƙatar harbi ko ɗaya, tunda ba a yi harbin ba. Fatake ne masu dangi a Damagaram aka tsare su a iyaka, ana yi musu kallon 'yan leƙen asiri. Dagaci ne aka ce ya kawo samari, cikinsu har da ɗan ƙanwarsa. Ana karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo a ƙofar fada zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wani tsoho da ya ga shigowar Turawa a 1903 yana tambaya a hankali: wai ƙasar wa za mu kare?

Furodusan ya yi shiru, can ya ce to ina za a saka waƙa.