Jinjina ga Koci Dick Gould na Stanford

A matsayin ɗan wasa, Dick Gould bai yi wani suna a duniya ba. Ya dai buga wa Jami'ar Stanford da ke Kalifoniya wasan tanis lokacin yana ɗalibi, daga baya ya koyar da wasan a Kwalejin Foothill. A 1966 jami'arsa ta damƙa masa ƙungiyar maza, ya riƙe ta har 2004.

Sau 17 ya ɗauki kofin jami'o'in Amurka na NCAA, na farko a 1973, na ƙarshe a 2000. Tsakanin nan bai taɓa yin shekara huɗu a jere hannu rabbana ba, ke nan duk yaron da ya yi cikakken karatunsa a wannan zamani ya ga kofi.

Ni abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya iya da masu ji da kai. Tanis wasan kowa tasa ta fisshe shi ne, amma a jami'a makin ɗan wasa na shida daidai yake da na gwanin farko. John McEnroe, sarkin zuciya da gardama da alƙalan wasa, ya zo Stanford bayan ya riga ya kai wasan kusa da na ƙarshe a Wimbledon a 1977. Gould ya zaunar da shi cikin 'yan'uwansa ɗalibai, a 1978 ya ci kofin ɗaiɗaiku, ƙungiyar ma ta ci nata.

Shekara 20 bayan nan, tawagar da tagwaye Bob da Mike Bryan ke ciki ta gama kakar 1998 ba a doke ta ko sau ɗaya ba.