Ziyarar Ɗalibai zuwa Italiya: Kallo ne ko Nazari?

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce yin sharhi a kan yadda akan tsara ziyarar ɗaliban kwaleji zuwa ƙasar Italiya domin nazarin al'adu da fasahar zayyana, da kuma irin rahoton da ɗalibi yakan rubuto in ya dawo. Hujjar da za a kafa ita ce, tsarin ya fi karkata ga kallon abin da aka gama ƙerawa, ya bar tambayar da ta fi muhimmanci, watau me ya sa aka ƙera shi haka.

Hanyar da Akan Bi

Galibi akan zaga da ɗalibi biranen Rum da Fulorans da Banis, hanyar da 'ya'yan masu hali na Ingila suka riƙa bi tun ƙarni na 17. Ba a musun amfanin wannan. Amma ɗalibin da ya tsaya gaban ƙubbar babban cocin Fulorans yakan cika rahotonsa da yabon girma da kyau, alhali darasin yana cikin ginin. Filippo Brunelleschi ya ɗora ta tsakanin 1420 da 1436 ba tare da katakon tokara daga ƙasa ba. Ya yi ta ruɓi biyu, ciki da waje, ya kuma jera bulo a karkace yadda kowane zagaye zai riƙe kansa kafin a ɗora na gaba. Matsala ce ta haifi siffar, kuma rahoton da bai ambaci matsalar ba bai taɓa fasahar ba.

Abin da Akan Bari

Babban giɓin shi ne zayyanar bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wadda cibiyarta take Milan da ƙananan masana'antun kewayenta. Alal misali, babur ɗin Vespa, wanda malaman makaranta da ma'aikata suka san darajarsa a ƙasar Hausa, kamfanin Piaggio ne ya fito da shi a 1946. Mai zayyana shi, Corradino D'Ascanio, injiniyan jirgin sama ne. Ya rufe injin don kada mai ya ɓata tufa, ya sa garkuwa a gaba saboda taɓo, ya buɗe tsakiya yadda mai siket, ko mai babbar riga, zai hau ba wahala. Talaucin bayan yaƙi da lalacewar hanyoyi su suka tsara shi.

Haka kuma kujerar Superleggera ta Gio Ponti, wadda Cassina ya fitar a 1957, nauyinta kilo 1.7 ne kacal. Ponti ya ɗauko samfurinta daga kujerun da kafintocin garin Chiavari suka daɗe suna yi, ya yi ta rage katako har ya kai iyakar abin da zai ɗauki mutum. A nan ake ganin sirrin Italiya: mai ilmin zamani bai raina mai sana'ar gado ba, tare suka zauna. Wannan ba a ganinsa a gidan tarihi, sai a rumfar aiki.

Kammalawa

Saboda haka ana ba da shawara a rage yawan birane, a ƙara kwanaki a wuri guda, ko wurin masu hura gilashi na tsibirin Murano, inda aka tattara sana'ar tun 1291, ko wurin dukawan Fulorans. A kuma ɗora wa ɗalibi abu ɗaya tak, ya bi shi daga kayan haɗi zuwa kasuwa, ya zana shi da hannunsa. In ba haka ba, kuɗi mai yawa zai tafi, ɗalibi ya dawo da hotuna, kuma ranar da ya tsaya gaban aji ba zai iya nuna wa yara abin da ke hannun maƙeri ko badukun garinsu ba.