Jinjina ga Kyautar Makaɗi Guda

A daren ba da kyaututtukan Grammy a Amurka, kyamarori na bin mawaƙan da duniya ta sani. Amma tun da rana, kafin talabijin ya fara haskawa, ake miƙa wata kyauta da na fi girmamawa, ta makaɗin kiɗan gargajiyar Turai wanda ke fitowa shi kaɗai da abin kiɗansa. A 2012 aka haɗe kyaututtuka biyu suka zama wannan, ta mai kiɗa shi kaɗai da ta wanda babbar ƙungiya ke mara masa baya.

A 2014 Evelyn Glennie, makaɗiyar ganguna 'yar Sikotilan, ta lashe ta. Tun tana 'yar shekara 12 jinta ya tafi. Takan cire takalmi ta hau dandali, sautin ganguna ya ratsa ƙasa ya shiga ta tafin ƙafarta, da shi take sarrafa kowane bugu. A 2016 kuwa Augustin Hadelich ne, mai gogen Turawa, wanda gobara ta ƙona shi sosai a gonarsu ta Italiya yana saurayi. Bayan tiyata kan tiyata ya sake ɗaukar gogensa.

Madalla da masu jefa ƙuri'ar da suka zauna suka saurari fayafayan waɗannan makaɗa tsaf.