Akawun da Ke Sauke Jerin Sunaye Lafiya

A ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura, wato Daura da Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa, jerin sunaye da dama sun tashi daga takarda sun koma intanet. Jami'in lafiya ko malamin gona yana shigar da bayanai ta waya daga ƙauyen da yake, su je su taru a manhaja guda, irin su KoboToolbox ko SharePoint. Amma ranar biyan kuɗi ko rabon taki, banki da mai binciken kuɗi Excel suke nema. A nan ake cigiyar akawun da ya iya kwaso jerin ya sauke shi lafiya.

Wanda bai sani ba zai ce ai danna maɓalli ɗaya ne. Haka ne, juye man gyaɗa daga tulu zuwa kwalba ma karkatawa ɗaya ce, gwani shi ne wanda bai zubar ba.

Kafin akawun ya taɓa komai, sai ya duba abin da ke kan allo, domin SharePoint abin da take nunawa shi take fitarwa. In wani ya tace jerin ya bar mutanen Sandamu kaɗai, su za su sauka, na Baure su yi ɓatan dabo. Sai ya cire tacewar, ya rubuta adadin layuka a gefe, sannan ya zaɓi hanya. Akwai fayil mai haɗe da manhajar, wanda ke ɗauko duk canjin da aka yi in an sabunta shi. Akwai kuma CSV, wanda ke tsayawa yadda aka sauke shi. In jerin biyan kuɗi ne da aka riga aka sa wa hannu, na biyun yake ɗauka, don kada wani suna ya shigo daga baya.

Babban tarkon yana wajen buɗewa. In aka buɗe CSV kai tsaye, Excel za ta ɗauki kowace lamba a matsayin abin lissafi, ta yar da sifirin farko. Lambar waya mai alƙaluma 11 ta koma 10, lambar asusun banki mai 10 da ta fara da sifiri biyu ta koma 8, banki ya dawo da ita, mai haƙƙi ya kwana yana jiran alat. Gwani yakan shigo da fayil ɗin ta ƙofar shigo da bayanai, ya gaya wa Excel cewa waɗannan ginshiƙai rubutu ne, kada ta taɓa su. A nan ne kuma yake zaɓar tsarin baƙaƙe na UTF-8, don kada Ɗahiru da Ƙasimu su fito da wasu baƙaƙe marasa kan gado. Sai kwanan wata: 03/04/2024 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka kuwa 4 ga Maris.

Ba ya share suna don kawai ya fito sau biyu, domin ya san takwarori sun yi yawa a unguwa ɗaya. Lambar katin ɗan ƙasa ce ke raba gardama. Daga ƙarshe ya gwada adadin da ya sauka da wanda ya rubuta. Wannan ƙidayar ba ƙaramin abu ba ce: a 2020, sakamakon gwajin korona 15,841 ya ɓace daga rahoton Ingila saboda an yi amfani da tsohon tsarin Excel mai ɗaukar layuka 65,536 kacal.

In ya yi aikinsa daidai, babu mai zuwa sakatariya da ƙorafi, shi ya sa ba a cika tunawa da shi ba. Ofishin da ya dace da irin wannan akawu ya riƙe shi hannu bibbiyu.