Taswira da Hannun da Ya Zana Ta

A shekarar 1824 Bature Hugh Clapperton ya sauka Sakkwato, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba shi taswirar ƙasashen da ya sani, aka buga ta a Landan a 1826. Abin da ya cika ta garuruwa ne da hanyoyi da kogin Kwara, domin a wancan zamani mutane ake mulka kafin fili: wa ya yi mubaya'a, wa ke kawo gaisuwa, wace hanya fatake ke bi lafiya. Dubi Tambuwal, inda Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna. Gwandu na nan kusa da ita, Sakkwato na can nesa, amma Sakkwato take bi. Mubaya'a da jini suka ɗaure ta, yawan zango bai shiga lissafin ba.

Turawa kuwa da layi suka zo. A yarjejeniyar 1898 Ingila da Faransa suka ɗauki birnin Sakkwato a matsayin tsakiya, suka zana baka mai nisan mil 100 daga gare shi, suka ce iyaka ke nan, alhali sai a 1903 sojan Ingila suka ci birnin. Wato an raba ƙasa a takarda shekara biyar kafin a mallake ta. Da Faransawa suka ga hanyarsu ta zuwa Damagaram ta faɗa inda babu rijiyoyi, sai aka sake zama a 1904 da 1906 aka gusa layin. Ƙishirwar ayarinsu ce ta gusa shi, ba a tambayi Gobirawa ko Adarawan da aka raba ba.

Wani zai ce ai taswirar Bello kuskure gare ta, tunda ta kai Kwara gabas wajen Masar, har wasu Turawa 'yan'uwan juna, su Lander, suka bi kogin zuwa teku a 1830. Ta yau kuwa awo ce da tauraron ɗan'adam. Gaskiya ne, awo ya inganta, kuma babu mai son matuƙin jirgi ya bi zanen 1824. Sai dai awo ba ya zaɓar abin da za a sa a tsakiya. Al-Idrisi, da ya yi wa Sarki Roger na Sisili aiki a 1154, kudu ya ɗora a sama. Mercator a 1569 ya yi tasa don masu jiragen ruwa, lissafinsa daidai ne, amma ta kumbura Girinlan har ta yi kama da Afirka, wadda ta ninka ta wajen sau 14, kuma irinta aka daɗe ana rataya wa yara a aji.

Ko a gida haka abin yake. Kebbe ba ta motsa ko taku ɗaya ba, amma da gwamnatin soja ta yanke jihar Kebbi a 1991, sannan Zamfara a 1996, sai ta wayi gari a gefen jihar Sakkwato, kasuwannin da ta saba ci da dangin da take aure a cikinsu wasu sun koma hannun wasu gwamnoni.